Saƙar Zuci: Mi Bangaskiya Ke Yi Wa Mai Yawan Tunani?

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san tuƙa. Saniya ta wuni daji, da marece ta kwanta gindin turke, ta maido ciyawar da ta haɗiye, ta sake taunawa. Tuƙar saniya amfani gare ta, domin da ita ciyawa ke zama nono da nama. Ɗan Adam ma yana da tasa tuƙa, amma a zuciya take. Dare ya raba, gida ya yi tsit, shi kuwa ya maido maganar da ya tauna jiya da shekaranjiya, ya sake taunawa. Gari ya waye, bashin yana nan, ciwon yana nan, sai gajiya da ta ƙaru.

Hausawa sun ba abin sunaye da yawa. Wani ya ce zullumi, wani ya ce saƙar zuci, wani ya ce tunani ya yi wa wane yawa. Tambayar da za mu duba ita ce: mutumin da ya ce ya dogara ga Allah, in ya kwana yana saƙa yana kwancewa, ya yi zunubi ne? Kuma mi bangaskiyarsa ke iya yi masa? Zan amsa daga wajen bangaskiyar Kirista. Masu bi kaɗan ne a Madawa da Buza da Keita, amma rashin barci ba ya tambayar addinin kowa, kuma maƙwabci yakan ƙaru da sanin abin da maƙwabcinsa ke riƙe da shi.

Abin da ke hana mu barci

A ƙasar Adar tunani ba ya rasa abin ci. Manomin Garhanga ya yi shuka, ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, kowane marece yana duban gabas. Matar Tamaske mijinta ya tafi bida Abijan ko Libiya, wata uku salula ba ta yi ƙara ba. Mai albasa a fadamar Tarka ya ci bashin mai da taki, ya san kuma ranar da kowa ya cire tasa kuɗin buhu za su faɗi. Da aka rufe iyakar Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2024, ƴan kasuwa da yawa sun ga yadda abin da ba su da hannu a ciki ke iya tsayar da cinikinsu. A ƙauyukan wajen Bangi kuwa, labarin ƴan bindiga masu satar mutane ya sa kukan babur da dare ya zama abin faɗuwar gaba. Tsofaffi suna tuna yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 wadda aka sa wa suna El-Buhari, matasa ma sun ga ta 2005. Wanda ya taɓa leƙa rumbu ya ga ƙasa, ko rumbun ya cika zuciyarsa ba ta cika yarda ba.

Wannan tsoron gobe kenan. Akwai wani iri kuma da ya fi shi cin rai, shi ne ƙarar da mutum ke kai kansa. Saurayi ya komo daga bida hannu wofi, ya ce shi ba ɗa ba ne. Mace ta rasa jariri, ta shekara tana cewa da ta kai shi likita da wuri. A ajin yaƙi da jahilci, magidanci mai shekara arba'in ya kasa rubuta harafi ɗaya, ya aje alli ya ce kansa ya bushe, shi ba zai taɓa iya komi ba. Harafi ɗaya ya gagare shi, amma hukuncin da ya yanke ya haɗa rayuwarsa duka.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba, miliyan 280 kuma da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Wata masaniyar halin ɗan Adam a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta daɗe tana binciken wannan ɗabi'a ta maimaita tunani. A 1991 ta bayyana cewa masu zama suna jujjuya baƙin cikinsu sun fi daɗewa a cikinsa bisa ga masu tashi su kama wani aiki. Sunan da masana suka ba ɗabi'ar ma daga tuƙar shanu aka aro shi.

Tanadi daban, zullumi daban

Kafin mu yi nisa, sai mu raba abu biyu da ke kama da juna. Tunanin gobe ba laifi ba ne. Littafin Farawa, sura 41, ya ba da labarin Yusufu a Masar: ya san yunwar shekara bakwai na tafe, ya tara hatsi a shekarun ƙoshi, ya ceci ƙasa. Manomin da ya ware iri tun kaka, da matar da ta shiga asusu, hanyar Yusufu suka bi. Wannan shi ne tanadi.

Yaya ake gane tanadi daga zullumi? Tanadi yana ƙarewa da aiki: gobe zan tafi wurin wane, zan saida tunkiya, zan kai yaro likita. In an yanke shawara, tunanin ya kwanta. Zullumi ba ya ƙarewa da komi. Tambayarsa kullum «in kaza ya faru fa?» ko «don mi sai ni?», kuma ko ka amsa sai ya sake tambaya. Tanadi yana da ranar gamawa, zullumi ba shi da ita.

A Bisharar Matiyu, sura 6, Yesu ya nuna wa jama'a tsuntsaye da furannin daji, ya hana su damuwa da ci da sutura. Wasu sun ɗauka hana noma ya yi. Amma wane manomi ne bai san tsuntsu ba? Tun asuba yake fita neman abinci, mu ne ma ke korarsa daga hatsi. Tsuntsu yana aikin yini, da dare ya yi barci. Abin da ba ya yi shi ne ya kwana yana ƙidayar damanar baɗi. Aikin ya rage namu, ɗaukar nauyin abin da ba a hannunmu yake ba shi aka ce mu aje.

Shin zunubi ne?

Akwai masu wa'azi da ke cewa duk mai damuwa bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Niyyarsu mai kyau ce, amma ga abin da ke biyo baya. Matar da ta zo sujada da damuwa ɗaya ta koma gida da biyu: ga ta mijinta, ga ta cewa Allah yana fushi da ita. Ta ɗaura niyya ba za ta ƙara tunanin ba, sai tunanin ya ƙara ƙarfi.

Wannan ba abin mamaki ba ne. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya gwada mutane: ya ce musu kada su tuna da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara na minti biyar. Suka kasa, kuma da aka sake su, dabbar ta fi zo musu a rai bisa ga waɗanda ba a hana ba. Ku gwada da kanku. Kada ku tuna da farin raƙumi. To, mi kuka gani yanzu? Saboda haka cewa mutum «daina tunani» kamar cewa mai tari ya daina tari ne.

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye damuwar manyan bayin Allah ba. Ku duba annabi Iliya a littafin Sarakuna na fari, sura 19. Sarauniya Yezebel ta yi barazanar kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa. Mi Allah ya fara yi masa? Bai tsauta masa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ba shi. Da ya kai dutsen Horeb aka tambaye shi abin da ya kawo shi, ya zuba kukansa. Aka sake tambaya, ya maimaita kukan nan bai canza komi ba. Ga saƙar zuci ƙarara. A cikin kukan yana cewa shi kaɗai ya rage. Sai Allah ya gyara masa lissafi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, Elisha. Barci, abinci, kunnen saurare, gyaran lissafi, aiki, aboki. Babu zagi ko ɗaya a ciki.

Yesu ma a lambun Getsamani, daren da aka kama shi, baƙin ciki ya rufe shi. Har sau uku ya koma ya yi addu'a a kan abu ɗaya. Masu bi sun yarda shi marar zunubi ne. Ke nan zuwan baƙin ciki, har ma maimaita shi, ba shi ne zunubi ba.

Wani mai ibada da ya zauna hamadar Masar, Ibagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya kasa mugayen tunani kashi takwas, baƙin ciki da kasala suna ciki. Koyarwarsa ita ce zuwansu ba a hannunmu yake ba, amma zamansu yana hannunmu. A nan amsar take. Baƙo ya yi sallama da dare, ba laifinka ba ne. Shimfiɗa masa tabarma, da ba shi ɗaki, da barin shi ya mallaki gidan, wannan shi ne abin da za a tambaye ka.

Kuma abin tambaya ne, domin zullumi ba mai shi kaɗai yake ci ba. Magidancin da ya kwana bai runtsa ba, shi ke wayuwa yana yi wa matarsa tsawa a kan fura. Uwar da tunani ya ɗauke, ɗanta na magana ba ta ji. Mai zullumi yakan shige cikin kansa har ya daina ganin maƙwabcin da ya fi shi buƙata. Don haka neman mafita ba son jiki ba ne, hakkin iyali ne da na jama'a.

Darasin ruwan Keita

To, in ba a iya hana tunani zuwa, mi za a yi da shi? Mutanen Keita sun amsa irin wannan tambaya da hannunsu, a kan ruwan sama.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, tuddai da dabagin Keita sun zama fako. Ruwa ya sauka, ƙasa ba ta sha, sai ya kwaranya da gudu, ya kwashe ƙasar noma, ya yanka ƙorama. Kowace damana ruwan ya bi hanyar bara, ƙoramar ta ƙara zurfi, har ta ci gonakin fadama. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Yawancin masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida. Ba wanda ya ce zai hana ruwa sauka. Abin da suka yi shi ne gina ramuka a jikin tuddai, da jera duwatsu, da datse ƙoramu, da dasa itace a bakin kowane rami. Ruwan da ke gudu ya sami inda zai tsaya ya nutse. Ruwan da ya ci ƙasa jiya, shi ya shayar da itace yau.

Haka tunani yake. In ya bi hanya ɗaya dare ɗari, hanyar ta zama ƙorama, ko yayyafi aka yi can zai gangara. Bangaskiyar Kirista ba ta yi alkawarin ɗauke ruwan ba. Abin da take bayarwa shi ne wurin da zai tsaya. Ina ganin wuraren uku ne.

Na fari, mai saurare. Ku lura da kyau: kalmomin zullumi da na addu'a sau da yawa iri ɗaya ne. «Yaron nan ba shi da lafiya, ba ni da kuɗi, ban san yadda zan yi ba.» In mutum ya faɗa wa kansa, maganar ta kewayo ta same shi inda ta bar shi, domin mai tambaya da mai amsa mutum ɗaya ne, kuma dukansu ba su da amsa. In ya faɗa wa Allah, maganar ta fita daga ɗakin. Iliya da Yesu sun maimaita kukansu, amma a gaban wani suka maimaita. Zabura cike take da irin wannan kuka, ba a yi masa kwalliya ba. Masu bi suna kiran Allah Uba. Ɗa ba ya gyara murya kafin ya yi wa ubansa kuka, kuma in ya faɗi ya san maganar ta shiga hannun da ya fi nasa ƙarfi.

Na biyu, iyakar yini. Littafin Fitowa, sura 16, ya ce lokacin da Isra'ilawa ke cikin jeji ana ba su abinci daga sama kowace safiya, kowa ya ɗebi na yini. Wanda ya ɓoye saura don tsoron gobe, ya tarar ta yi tsutsa, in ban da jajibirin ranar hutu. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ma abincin yini ta roƙa. Hikimar a fili take. Mace tana ɗaukar tulu ɗaya daga rijiya kowace safiya har shekara, ba ta karye ba. A ɗora mata tulunan shekara a rana ɗaya mu gani. Mai zullumi tulunan shekara yake ɗauka. Bangaskiya tana cewa ƙarfin da aka ba ka na yau ne, na gobe yana zuwa tare da goben.

Na uku, hukuncin da ba naka ba. Wannan shi ne maganin ƙarar da mutum ke kai kansa. Tushen koyarwar Kirista shi ne alheri: Allah ya karɓi mutum saboda Almasihu, ba saboda cikar rumbunsa ko tsabtar tarihinsa ba. In haka ne, darajar saurayin da ya komo hannu wofi ba a cikin jakarsa take ba. Bitrus ya yi musun sanin Yesu har sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Bisharar Yahaya, sura 21, ta nuna yadda Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo kuma ya danƙa masa aiki. Ba a ce laifin ƙarami ne ba, amma ba a bar shi ya zama sunan Bitrus ba.

A nan ya kamata mu bambanta tuba da zargin kai. Tuba tana kiran laifi ɗaya da sunansa: na ci amanar wane, zan je in biya shi. Tana da ƙofar fita. Zargin kai ba ya kiran laifi, mutumin yake kira: kai banza ne, kullum haka kake, ba za ka gyaru ba. Littafin Wahayi, sura 12, ya bayyana Shaiɗan a matsayin mai kai ƙarar masu bi dare da rana. Saboda haka muryar da ke zargi ba hutu, ba ta nuna hanyar gyara, mai bi yana da dalilin cewa ba muryar Ubansa ba ce.

Mai gardama yana da magana

Wani zai ce: «Malam, wannan duk lallashi ne. Addu'a ba ta biyan bashin taki, ba ta korar ƴan bindiga.» Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a ture ta ba. Akwai mai fakewa da addini ya ƙi aiki. Akwai kuma masu saida addu'a, su ce kawo kuɗi damuwarka ta ƙare. Duka biyun ɓata ne.

Amma a tambayi mai gardama: zullumi ya taɓa biyan bashi? Mutum biyu ana bin su jika hamsin. Ɗaya ya kwana yana saƙa, ya wayi gari yana ɓuya daga mai kuɗi. Ɗaya ya faɗa wa Allah, ya yi barci, da safe ya tafi ya nemi a raba masa biya. Bashin ɗaya ne, mutanen ne suka bambanta.

Kuma bangaskiyar ba ta ce masifa ba za ta zo ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, wadda a sura 4 ta gargaɗi masu bi su mai da damuwa roƙo tare da godiya, daga kurkuku aka rubuta ta. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, an kuma rasa rayuka. Masu bi na ƙasar nan sun san tsoro na gaske. Bayan haka shugabannin ikilisiya suka yi kira ga gafara, jama'a suka koma sujada, wasu a ƙarƙashin rumfa. Salamar da ake magana a kai ba ta rashin haɗari ba ce. Ita ce ta mutumin da ya san ko mafi munin abu ya faru, bai fita daga hannun Allah ba. In tambayar «in kaza ya faru fa?» ta sami wannan amsa, ba ta da sauran abin tauna. Ƴan'uwanmu Musulmi, da suke yawan zancen tawakkali, ba za su ji wannan magana baƙuwa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, iskar hunturu ta daɗe tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Daga 1975, manoma da ma'aikatan gandun daji, da taimakon ƙungiyar CARE, suka dasa dogon yaro layi-layi a tsakanin gonaki. Itace ɗaya ba ya tare iska, layi ke tarewa. Ikilisiya ma don haka take. Sabon Alkawari ya umurci masu bi su ɗauki nauyin juna. Zumuntar mata, da ziyarar marar lafiya, da addu'ar gida-gida, ba ƙawa ba ne. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Damuwar da aka faɗa wa amini ta kan rage girma tun kafin ya buɗe baki.

Masana lafiya sun tabbatar da haka a Afirka. A Zimbabuwe, inda mutanen Shona ke kiran ciwon da suna mai ma'anar yawan tunani, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata saurare da taimaka wa mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Suna zama kan benci a harabar asibiti a Harare. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi bayan wata shida bisa ga waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Tsofaffi masu kunnen saurare ba su ƙare a garuruwanmu ba. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka ji a zumunta kada ya kai bakin rijiya. Wanda ya fallasa sirrin mai damuwa da sunan neman a taya shi addu'a, ya sare itacen da ke tare wa kowa iska.

Akwai kuma inda abin ya wuce shawara ya zama ciwo. In mutum ya yi sati biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke masa daɗi, ko ya fara zancen gara ya mutu, a kai shi likita, kada a bar shi shi kaɗai. A sa ido musamman ga mace mai jego. Kada a bar saurayi ya nemi sauƙi wurin taramol, domin bashi ne mai ruwa. Zuwa likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Mishan ɗin SIM da ya kawo bishara yankin nan shi ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da mai karatu zai iya yi daren yau

Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, saboda haka wanda ya koyi karatu yana iya duba surorin da na ambata da idonsa. Rubutu ma yana da nasa amfani. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A hannun dama rubuta abin da ke hannunka, kowane da ranar da za ka yi shi: ganin mai bashi ran kasuwa, kai yaro awo ran Litinin. A hannun hagu rubuta abin da ba a hannunka yake ba: ruwan sama, kuɗin albasa, zuciyar wane, abin da ya riga ya wuce. Na hagu ka karanta shi a gaban Allah da murya, sau ɗaya, a lokacin da ka tsayar kowace rana, ka rufe takardar. A ƙasa ƙara abu uku da ka gode dominsu a yinin, ko da fura ce mai sanyi. Godiya ita ce gyaran lissafin da aka yi wa Iliya, tana tuna maka abin da tsoro ya manta bai ƙidaya ba. Wanda bai iya rubutu ba tukuna, tsakuwa da ƙorai biyu sun ishe shi.

In tunanin ya komo tsakar dare, kuma zai komo, kada ka yi kokawa da shi. Ce masa an riga an rubuta shi, an kuma miƙa shi. Sa'an nan ba zuciya wani abin taunawa. Marubucin Zabura 42 da 43 har sau uku ya juya ya yi wa ransa tambaya, ya umurce shi ya sa zuciya ga Allah. Ya daina sauraron kansa, ya fara yi wa kansa magana. Haddace aya ɗaya ko biyu, ka riƙa maimaita su a hankali har barci ya zo.

Kada ka ce ka gwada dare uku bai yi ba. Matan Keita ba su ga inuwa a damanar fari ba. Rami ɗaya bayan ɗaya suka gina, shekara bayan shekara, kafin tudu ya yi kore. Ƙoramar da ta yi shekara goma tana zurfi ba ta cikewa a sati ɗaya, amma tana cikewa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya komo da matafiyanmu lafiya, ya ba mai damuwa abokin da zai saurare shi, ya kuma ba mu duka barci mai daɗi. Amin.